Usur ɗin Takalmin Auta

"Yaushe ta fara wannan ƙarar?" likitar ta tambaya, tana sauraron ƙirjin Auta.

Uwar ta ce zazzaɓi dai shekaranjiya ya fara. Uban, mai gyaran waya, ya ce ƙarar kam ta fi haka daɗewa, amma ranakun sun cakuɗe masa. Ya laluba aljihu. Shi dama mutum ne da ba ya wahalar da ƙwaƙwalwarsa in akwai waya a kusa.

"Akwai bidiyo, Likita. Da kwanan wata a jiki."

Kwana biyar ke nan. Ranar ne Auta, 'yarsu mai shekara uku, ta ƙwaƙule ɗan usur daga dunduniyar takalminta, irin takalmin nan mai kuka in yaro ya taka, ta jefa a baki. Ta sarƙe, aka bubbuga mata baya, tari ya lafa. Kowa ya ce ai ta haɗiye, zai fita da kansa. Sai ga shi duk numfashin da ta ja, ƙirjinta ya ce fiit.

A bidiyon tana tsaye a bakin shagonsa, maƙwabta sun kewaye ta suna sheƙa dariya, ita ma tana yi. Muryar da ta fi kowacce tashi tasa ce: "Sake yi, Auta! Sake yi wa Baba!"

Likitar ta kalla har ƙarshe, ta miƙo masa wayar.

"Malam, abin da ya tafi ciki ba ya busa. Hanyar numfashi ya bi. Yanzu ya toshe huhun dama, shi ya kawo zazzaɓin. Za mu shiga da ita a ciro."

Aka nuna masa inda zai sa hannu, ya sa. Ya jira tsoro ya zo, bai zo ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne gilashin wayar likitar ya tsage a kusurwa, kuma yana da irinsa a shago.

Suka zauna a benci a bakin ɗakin tiyata. Wayar ba ta daina motsi a cinyarsa ba. Tun ranar ya tura wa dangi bidiyon, su kuma suka tura gaba, har yau fuskokin dariya shigowa suke. Wansa ma ya rubuto: a kawo musu alƙalin wasansu ranar Asabar.

"Baban Auta, kashe abin nan," in ji matarsa.

Ba ta tuna masa cewa tun kwana na biyu ta ce a zo asibiti ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Wajen ƙarfe biyu da rabi likitar ta fito da 'yar kwalba. Usur ɗin bai kai farcen ɗan yatsansa ba.

"Mun ciro. Amma numfashinta ya tsaya muna tsakiyar aiki, ya ɗan jima kafin ya dawo. Tana kan na'urar numfashi. Ban san yaushe za ta farka ba, ban kuma san yadda za ta farka ba. Ba zan ɓoye muku ba."

Ya ce, "To, mun gode," kamar wanda aka ba shi kwatancen hanya.

Da ta tafi ya kunna wayar, ya nemo bidiyon, ya danna gogewa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Kafin ya amsa sai ya leƙa sauran ajiyarsa: hotunan cikin wayoyin mutane, hotunan caja da batura, Auta tana barci, Auta ta juya baya. Mai motsi, wannan ne kaɗai.

"Kada ka goge," matarsa ta ce, ba tare da ta kalle shi ba. "Kunna min."

Ya rage sautin har ƙasa, don kada ya ji kansa, sannan ya riƙe mata. Auta tana buɗe baki, mutane na tafa hannu, ba a jin komai.

"Ƙara sautin," ta ce. "So nake in ji tana numfashi."