Marlys Ta Sauka a Filin Shaƙatawa

Kafin majalisar garin Vesta Lake ta dasa itatuwa ta kafa lilon yara a wurin, filin shaƙatawar nan filin saukar ƙananan jirage ne. A kan ciyawarsa Orval Haugen ya koya wa Marlys Tveit tuƙin jirgi tun tana budurwa. Yanzu kanta ya yi fari fat, shi kuma yana kwance a gidan kula da tsofaffi da ke bakin filin, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Jirginsu Aeronca ne, ƙirar 1946, mai kujera biyu, jikinsa yadi ne aka ɗame a kan ƙarfe da katako. A rumbun wani manomi suka tsince shi, ɓeraye sun cinye fukafukansa. Su biyu suka sake masa yadi, suka shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, Orval ya kwance injin ya haɗa shi da hannunsa. Ana jibi za su tayar da shi ciwon ya kayar da tsohon. Bai taɓa jin ƙarar aikinsa ba.

Sabon filin jirgin yana da nisa, likita kuma ya hana a ɗauke shi a mota. Marlys ta gwada wucewa ta saman gidan tana karkata fukafukai. Da ta je duba shi washegari ya harare ta da idonsa mai lafiya.

"Wucewa ai ko agwagwa ta iya," ya ce, maganar tana fita a karkace. "Taga a rufe, kunnena ɗaya ya mutu. Ki sauko da shi in taɓa."

"Baba Orval, filin ba namu ba ne yanzu."

"Na wane ne? Ni na cire duwatsun cikinsa."

Ta tafi ofishin Curtis Dahlke, shugaban kula da filayen gari, wanda suka yi aji ɗaya da shi tun firamare. Ta yi masa bayani a tsanake: da safe, ranar da yara ke makaranta, ta sauka, tsoho ya gani, ta tashi.

"Doka ta hana, Marlys."

"Kai ka rubuta dokar, Curtis. Ka san inda za a lanƙwasa ta."

"Idan na bar ki, gobe kowane mai tsohuwar akwala zai zo ya dire mana a filin ƙwallo. Ki ɗauki ƙarar injin a waya ki kunna masa mana."

"Tun muna yara kai ne mai kai ƙara wurin malama," ta ce. "Ashe har yanzu ba ka sauka daga muƙamin ba."

Marlys ba mahaukaciya ba ce. Ta auna filin da ƙafa, ta duba tsayin itatuwan da ke gefen kudu, ta jira ranar da iska za ta taso daga arewa. Sannan ta faɗa wa matan da suke shan kofi tare bayan coci. Ranar Talata da hantsi suka rarrabu a ƙofofin filin, kowace da jar rigar sanyi don a hango ta daga sama. Suka janye ragar ƙwallo gefe, suka lallashi masu yawo da karnuka su koma bayan shinge.

Da ta iso saman gari ta kewaya ta tabbatar babu kowa a kan ciyawar, sannan ta rage wuta. Itatuwan sun fi yadda ta zata tsawo. Ta karkatar da jirgin ya zamo ta gefe, ta ji ganye ya share taya. Ta miƙar da shi, ta ja sandar tuƙi zuwa cikinta. Tayoyin suka taɓa ƙasa, ya yi tsalle kaɗan, ya zauna. Ciyawar da sauran raɓa, birki ya ƙi kamawa sosai, sai dab da lilon yara ya tsaya. Ta zauna tana sauke numfashi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta turo Orval a keken marasa lafiya, an lulluɓe ƙafafunsa da bargo. Marlys ta kai hannu za ta kashe injin, ya ɗaga hannunsa mai motsi ya hana ta. Iskar farfela tana kaɗa ɗan gashin da ya rage masa, shi kuwa ya juya kunnensa mai ji, ya lumshe ido. Sai da ya ƙoshi ya yi mata alama ta kashe.

"Kin yi tsalle," ya ce da ta sauko.

"Ina kwana, Baba Orval."

"Na gani ta taga. Kuma mai ya yi masa yawa, ina jin yana tari." Ya sa aka matsa da shi, ya ɗora tafin hannunsa a kan yadin, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya amsa kamar ganga. Ya bar hannun a kan yadin, bai ɗauke ba.

Motar 'yan sanda ta shigo ba jiniya. Wanda ya fito Tanner ne, ɗan ƙanen Marlys, yana tafiya kamar wanda aka aika ya yanka akuyar gidansu. Curtis na biye da shi, fuska a murtuke.

"Gwaggo, me ya sa za ki yi min haka? Yau ni kaɗai ne a bakin aiki."

"Shi ya sa na zaɓi yau. Yi aikinka, ɗan nan."

Ya sassauta murya. "Ki ce inji ne ya ba ki matsala. Saukar dole ce, ba mai taɓa lasisinki."

"Injin nan lafiyarsa ƙalau, ga wanda ya haɗa shi a zaune. Ba zan ɓata masa aiki da ƙarya ba. Da gangan na sauka."

Tanner ya sosa ƙeya, ya ɗauko rediyo ya fara sanar da ofis cewa wani jirgi samfurin Piper Cub ruwan ɗorawa ya sauka a filin shaƙatawa.

"Kai," in ji Orval. "Duk jirgi ruwan ɗorawa Cub ne a wurinku. Cub kawunan injinsa a waje suke kamar kunnuwan jaki. Dubi wannan, ga tumbi. Aeronca ne. In za ka kama mace, ka kama ta da sunan jirginta."

Mutanen da suka taru a bakin shinge suka fashe da dariya, har Tanner. Curtis bai yi ba.

"Daga nan dai ba zai tashi ba," ya ce. "Ko ki cire masa fukafukai ki ja shi a ƙasa, ko in kira masu janwe."

Ya zaci za ta roƙe shi. Ita kuwa ta san tashi ta kan itatuwan nan ya fi sauka haɗari, tun jiya ta ajiye a-kori-kurarta da tirela da akwatin sifana a bayan coci.

Cire fukafukan ya cinye rabin yini, kuma Orval ne ya ja ragamar aikin daga kan kekensa. Ya faɗi notin da za a fara kwancewa, ya zagi wani mai gidan burodi da ya riƙe fiffike ta inda bai kamata ba, ya ƙi komawa ciki cin abinci, sai a faranti aka kawo masa nan kan ciyawa. Ma'aikaciyar jinyar ta ce wa Marlys tun da aka kawo shi ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

Hukumar jiragen sama ta dakatar da lasisin Marlys har bazara, majalisa ta ci ta tara, ba ta ɗaukaka ƙara ba. Orval bai kai bazarar ba.

Amma a ranar, da aka ɗora fukafukan a tirela aka ɗaure jelar jirgin a bayan a-kori-kura, Curtis ya nuna mata hanyar bayan gari, wadda ta bi ta wajen rumbunan hatsi.

"Waccan duk ramuka ce," ta ce. "Ta tsakiyar gari zan bi. Kuma kaya mai faɗi irin wannan, dokarku ta ce sai da rakiya. Tanner, shiga gaba, ka kunna fitilun nan naka."

"Gwaggo, don Allah."

"A hankali za ka tafi. Tayoyinsa ba na titi ba ne."

Ya shiga gaba, ya kunna.