Kabewar Aji Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ke nan Misis Pruitt tana raba wa yaran aji ɗaya takarda iri ɗaya duk watan Oktoba: zanen kabewa a tsakiya, a shafa mata launi, a liƙa a bango, iyaye su zo su yaba. Garinmu kuwa gonakin kabewa ne suka kewaye shi. Abin yana ƙona mini rai. Sau biyu ina faɗa a taron malamai cewa wannan lalaci ne, ba koyarwa ba, sai shugabar makaranta ta ce, "Novak, shekararki ta biyu ke nan. Sha kofinki."

A nawa ajin kabewar gaske na kawo. Muka fasa ta, yara suka zura hannu har gwiwa, suka jera 'ya'yanta goma-goma a kan jarida. Abin da ya rage na zuba a tsohon akwatin gilashi na kiwon kifi, na rufe da leda, na ɗora a bakin taga don mu ga yadda take ruɓewa. Kowace Juma'a kowa ya zana abin da ya gani, ya rubuta layi ɗaya.

Akwai wata yarinya, Marisol Ibarra, da tun buɗe makaranta ba ta taɓa barin kalma ta zauna a takarda ba. Ta rubuta, ta goge, ta goge har takardar ta huje. Juma'a ta biyu na leƙa littafinta na ga, "Ta yi farin gashi." Ba ta goge ba. Juma'a ta uku layi biyu ta yi. Ta yarda ranar Litinin za ta karanta wa aji, da sharaɗin tana tsaye kusa da kabewar tana nunawa.

Litinin da safe na tarar da akwatin an wanke shi tas.

Ko rigar sanyi ban cire ba na sauka ƙasa wurin Mista Orval, mai kula da ginin makarantar, dattijo da ya fi kowa daɗewa a nan.

"Mista Orval, wa ya ce ka taɓa mini kayan aji? Sati uku yara suna aiki a kai. A makarantar nan duk abin da yake da rai shara ne a wurinku."

Ya gama ɗaure bakin buhun da ke hannunsa tukuna.

"Ina kwana, Malama Novak. Kin gama?"

"Ban gama ba."

"To tsaya ki huta. Me ke ƙarƙashin tagarki?"

Sai na tuna. Ƙarfen ɗumama ɗaki ne ke wurin.

"Ranar Asabar na kunna wuta, sanyi ya sauko. Kin rufe kabewa da leda kin ɗora ta a kan murhu. Jiya da na shigo miya take shirin zama. Warin har ofishin shugaba." Ya ɗauki hularsa. "Ku 'yan jami'a, a nan ba a koya muku hunturu ba?"

"Ka zubar ke nan."

"A gonar kabewa aka haife ni, 'yata. Zo."

Bayan ɗakin cin abinci, jikin katanga, ya haƙa ɗan rami ya zaunar da kabewar, ya kewaye da ganyayen da suka zubo, ya kifa kwandon waya saboda kurege. Ta lotsa gefe ɗaya, amma farin gashinta yana nan.

Ƙarfe tara na fito da yara ashirin cikin rigunan sanyi. Marisol ta tsuguna ta daɗe tana kallo.

"Malama, ba haka take ba da na rubuta."

"Karanta yadda take a da. Sai ki ƙara na yau."

Ta miƙe ta karanta layukanta uku da ƙaramar murya, yatsa yana nuna kabewar. Wani yaro, Wendell, ya ce ba ya ji, Mista Orval ya ce masa ya rufe baki kunnensa zai buɗe. Ta sake karantawa. Sannan ta ɗora littafin a cinya ta rubuta, "Tsutsa ta shiga gidanta," ta miƙa wa dattijon ya duba.

"Daidai ne," in ji shi. "Na bar 'ya'ya biyar a ciki. Ki dawo nan watan Mayu ki rubuta mini abin da ya fito."

Taga ta buɗe a samanmu. Misis Pruitt ce, yaranta sun cika gilashin da hanci.

"Novak, nawa sun ƙi zama. Akwai wuri?"

Ina da jawabi da na shekara ina tanadar mata. Na dubi yaranta, na ce su sa huluna su sauko, ƙasa akwai laima.