Baƙon da Na Kawo wa Bagobiri

Shekara ta biyu ke nan ruwa ya ƙi mu a Sabon Birni. Mun yi shuka ta fito, ta kai tsawon yatsa, rana ta ƙone ta. Abin da gidanmu ya dogara da shi rumbu ɗaya ne na ƙasa, kuma yayana Sodangi ne kawai ke hawansa, don shi ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu. Ni ina ɗakin kusurwa da ɗiyata Mairama. Uwarta, Saude, ta rasu kafin farin ya fara. Ta bar mani yarinyar, ta bar wa yarinyar kunkuru.

Wani ɗan'uwan Saude mai fatauci zuwa Nijar ne ya kawo shi yana kamar tafin hannu, shekarar da aka haifi Mairama. Tare suka girma. Yanzu sai ƙaƙƙarfan namiji ke ɗaga shi. Mairama ta sa masa suna Bagobiri, wai zanen bayansa irin na fuskar kakanta ne. Ya haƙa raminsa a gindin danga, kusa da rumbu.

Surukata Hajo tana Tsamaye, kuma duk wanda zai zo kasuwa sai ta ba shi saƙo iri ɗaya: a kai mata jikarta, namiji ba ya riƙon ɗiya mace, balle cikin yunwa. Idan saƙon ya iso Mairama ce ke amsawa. Takan ce ba ta zuwa ko'ina ta bar Bagobiri, shi kuwa ba ya barin raminsa. Ni sai in sunkuyar da kai in ce wa manzon, ka dai ji da kunnenka. Na san kunkurun nan ne ke riƙe mani ɗiyata a gida.

Da zafi ya tsananta sai Bagobiri ya daina yawo. Yana wuni a ƙasa yana turo rairayi waje, sai la'asar ya leƙo. Wata safiya Sodangi ya tsaya a bakin ramin da sanda, ya zura ta ciki har ta ƙare bai taɓa ƙarshe ba.

"Iro! Taho ka ga aikin surukinka."

"Yaya, ai dabba ce, zahi taka gudu."

"Zahi? Ƙarƙashin rumbuna zahin yake? Mutane na neman abin da za su sa bakin salati, kai kana kiwon dutse mai cin ganye. In ya taɓa mini rumbu, wallahi miya za ni yi da shi."

Mairama tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Na rasa sukuni. Na yi ta juya maganar har na tsaya a kan abu ɗaya: kaɗaici ke sa Bagobiri haƙa. Namiji ne, ya girma, ba ya ganin ɗan'uwansa, yana neman hanyar fita. In ya samu abokin zama zai bar ƙasa ta huta. Na san yadda ɗaki yake idan babu kowa a ciki, sai na ɗauka shi ma haka ne.

Ranar kasuwar garin Isa na shiga mota. A layin masu kayan magani, tsakanin fatun dabbobi da sassaƙe, akwai wani mai suna Malami da aka ce ba ya rasa kunkuru. Na tarar da shi yana korar ƙuda, fuska a murtuke. Iri uku ne a gabansa. Akwai kififiya, kunkurun ruwa, cikin tasa da ɗan ruwa mai laka, wadda yara suka tono a gulbi da ya ƙafe. Akwai mace irin Bagobiri, ja-ja, mai kaurin ƙafa. Sai wani ƙarami baƙi-baƙi cikin kwando, bayansa dogo, da ɗan tsagi wajen gindi kamar murfin akwati.

"Waccan ta tasa fa?" na tambaya.

"Kana da ruwan ba ta? Kai ko wanka ka yi yau?"

Na duba macen. Ita ce irinsa, ko makaho ya shafa ya sani. Amma na ga faratanta, na tuna sandar Sodangi. Masu haƙa biyu a gida ɗaya, ga cin ganye kamar akuya. Na kawar da kai.

"Ƙaramin daga ina?"

"Kurmi. Direban goro ya kawo shi."

"Shina haƙa?"

"Ka ga ya yi kama da mai haƙa?"

"To za su zamna tare da babba, irin na Nijar?"

Malami ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, ni na taɓa kwana cikin raminsu? Kunkuru dai kunkuru ne. Ka saya ko ka ba ni wuri, ka tare mini masu ciwon baya."

Na saya. A mota na riƙe kwandon a cinya, ina ta ce wa kaina ƙarami ba ya ci da yawa, ba ya haƙa, Sodangi ba zai samu abin faɗi ba.

Na iso gida bayan azahar. Mairama ta buɗe kwandon, ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa shi ba.

"Baba, wanga ba irin shi ba ne."

"Ai abokin hira ne, ba aure za mu ɗaura ba."

"Dubi ƙafarshi, siririya. Warinshi ma daban. Bagobiri bai son shi."

"Ke kin tambaye shi?"

Ta koma bakin ƙofa ta zauna. Raina ya ɗan sosu, don tun safe ban sa komai a ciki ba saboda wannan tafiya.

Da la'asar, bayan Sodangi ya fita masallaci, Bagobiri ya turo kai daga rami. Na ajiye ƙaramin a gabansa, na zuba musu busasshen ganyen rama a tsakiya. Bagobiri bai kalli ganyen ba. Ya miƙa wuya, ya shinshina baƙon, ya fara gyaɗa kai sama da ƙasa. Na ce wa Mairama, "Kin gani? Gaisuwa ce."

Ban rufe baki ba ya janye kai, ya ɗaga jiki, ya banke shi da gaban ƙoƙonsa. Na ji ƙas, kamar an buga ƙwarya da muciya. Ƙaramin ya wuntsila ya kife, ƙafafu a sama. Mairama ta ruga ta juya shi. Yana samun ƙasa ya miƙe a kan dogayen ƙafafun nan nasa, da saurin da ban zaci kunkuru na da shi ba, ya shige ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai.

Bagobiri ya bi shi.

Wurin bai ishe shi ba. Kai da ƙafafun gaba suka shiga, bayan ya maƙale. Na kama shi ta baya ina ja, ya kafa farata yana turawa. Duk wanda bai taɓa jan babban kunkuru ba bai san ƙarfi ba. Ya yi nishi, ya ɗaga. Dutsen da ke gefen raminsa, wanda ashe ƙasar ƙarƙashinsa duk ta zama kogo, ya nitse. Rumbu ya karkata a hankali, kamar tsoho zai zauna, sannan ya tsage daga wuya har gindi. Wani ɓangare ya faɗo, ƙura ta tashi.

Masu fitowa daga masallaci suka ji, suka shigo ba sallama, Sodangi a gaba. Kowa ya ga cikin rumbun. Damman gero 'yan kaɗan ne a kwance a gindi, sauran duk fili. Sodangi kuwa ya daɗe yana faɗi a majalisa cewa gidansa zai kai damina ba tare da ya auna a kasuwa ba. Ni kaina ban san haka abin ya kai ba. Maƙwabta suka dubi juna, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Bai yi ihu ba. Ya shiga ɗaki ya fito da gatari.

Mairama ta faɗa kan Bagobiri ta rungume shi. "Baffa, ka fara da ni!"

"Iro, ɗauke ɗiyarka."

"Yaya, don Allah. Za ni gyara rumbun, ni za ni kwaɓa ƙasa."

"Da wane ruwa? Da hawayenka?"

"Za ni ɗaure shi, in yi mashi shinge bayan gida."

"Ɗaya bai ishe ka ba sai da ka tai Isa ka ƙaro! Mutane sun ga cikin rumbuna saboda kai da wasan yara. Ka kusa furfura, Iro, mi ke damunka?" Ya jefar da gatarin a gabana. "Gobe in na dawo sallar azahar na iske shi gidanga, ko ita tana bisanshi sai na sara."

Na san Sodangi. Ba ya maimaita magana.

Na zaga unguwa ina neman mai karɓar Bagobiri. Ba wanda zai karɓi baki mai ci a wannan shekara, wanda ya ce a kawo kuwa na ga yana haɗiyar miyau. Wuri ɗaya ya rage. Da sassafe na aro amalanken jaki, muka ɗora Bagobiri a kan buhu, Mairama ta zauna kusa da shi ta riƙe. Ban ce ta ɗauki kayanta ba. Sai da muka fita gari na ga ƙullin zanenta a ƙarƙashin cinyarta.

Da hantsi muka isa Tsamaye.

Hajo tana tsakar gida tana sussukar 'yar dawa. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta dubi amalanke, ta dubi ƙullin.

"Baban Mairama, ashe sai da kunkuru ya yarda za a kawo mini jikata."

"Inna, ajiya ce na kawo. Shi kaɗai. In ruwa ya sauka..."

"In ruwa ya sauka mi? Dubi wuyanta. Ɗiyar Saude ce wagga?" Ta nuna gindin wata bishiyar aduwa a bayan ɗaki. "Ku aje shi can, ba rumbu kusa. Shi haƙa har Maraɗi in ya so."

Muka sauke shi. Ya yi ɗan tsai, sannan ya fara tona ƙasa. Na juya jaki na ce, "Mairama, taho mu tai, rana na yi."

Tana tsugune, hannunta a bayansa. "Wa za shi ba shi ganye?"

"Kakarki."

"Ba ta san wanda yake so ba." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Kai ka tai, Baba. Ai kana da naka."

Hajo ta ci gaba da sussuka.

Na dawo da amalanke ba kowa a kai. Sodangi yana kwashe sauran geron zuwa ɗakinsa, bai amsa sallamata ba. Na shiga nawa ɗakin. A gindin randa, inda ƙasa ke da ɗan laima, na tarar da ƙaramin, wanda na zaro daga ƙarƙashin rumbu jiya, ya lafe, idanunsa sun kumbura, ko ganyen da na ajiye bai taɓa ba. Na ɗauko buta. Ruwan alwalar la'asar ne kawai a ciki. Na tsiyaya masa rabi a baya, ya ɗan fito da kai.