Saman Gidan Seu Gervásio

A kan tudun nan na birnin Salvador fili ya ƙare tun zamanin kakanni. Abin da uba ke bar wa ɗansa shi ne saman gida. Shi ya sa ranar da Seu Gervásio, wato Malam Gervásio a harshensu, ya zuba kankaren rufinsa ya bar rodi tsaye a kowace kusurwa, ya kifa musu kwalabe don kada tsatsa ta ci su. Da ɗansa Edivaldo ya yi aure, ya hau da shi sama, ya nuna masa rodin, ya ce ga naka nan, ka gina. Tsohon ba ya neman komai illa ya ji diddigen jikokinsa a saman kansa kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Edivaldo bai gina ba. Ya kama haya can ƙasa bakin titi, ya shiga wani ɗan kwas a otal, ya fito dillalin gidaje. Ya sayi takalmi mai tsinin baki da turare mai hawa kai. Yaron da bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, shi ne yanzu ke koya wa mutane yadda ake arziki da gini. Yana cewa wawa ne ke gini da kuɗinsa. Mai wayo sayarwa yake yi tukuna, ya karɓi kafin alƙalami, ya cike da bashin banki, sannan ya yi ginin da kuɗin wasu.

Da magina suka fara ɗora bango a sama, Gervásio ya ɗauka yaron ya yi hankali. Har kofi yake kai musu. Sai wata Lahadi ana cin abinci Edivaldo ya fasa ƙwai. Ya sayar wa wani likitan haƙori saman, mutumin zai zuba 'yan haya. Kuɗin kafin alƙalamin sun tafi a bulo. Babur ɗinsa yana jingine a banki. Sharaɗin kuwa, a zuba rufi kafin wata ya ƙare, in ba haka ba ciniki ya warware, ya mayar da kuɗi.

Tsohon ya ajiye cokali.

"Ka sayar da kaina ke nan."

"Haba Baba, iska ce fa. Iska na sayar, kuma aka saya."

Gervásio ya tambaye shi wa zai zuba masa rufin. Edivaldo ya yi murmushi irin na wanda ya riga kowa wayo, ya ce ai nan ribar take. 'Yan kwangilar cikin gari biyan leburori suke yi, shi kuwa yana da gayya. Mutanen tudu kyauta suke zuba kankare.

"Bokitin wa ka taɓa ɗauka?"

"Naka sun ishe mu, Baba. Tun kana saurayi kake ɗaukar wa mutane. Jari ne a kwance, ni na tashe shi."

Gervásio ya ɗauki cokalinsa. Ya dubi takalmin ɗansa, ya ci gaba da cin abincinsa.

Lahadin da Edivaldo ya tsayar don gayyarsa, ita maƙwabciyarsu Dona Nilzete ta riga ta tsayar don tata. Mijinta ya rasu bara ya bar ɗaki ba rufi. Ta bi gida-gida da ƙafarta mai ciwo tana gayyata, ta jiƙa baƙin wake tun Asabar, ta samo kunnen alade da ƙafarsa, ta binne giya a ƙanƙara. Edivaldo kuwa saƙo ɗaya ya watsa ta waya, da hoton kansa sanye da hular magina. Ya ce dafa wake ɓarnar kuɗi ce, ya sayo burodi da lemo. Ya ce kwaɓa siminti da shebur aikin mutanen da ne, ya yi odar kwaɓaɓɓe daga kamfani.

Da hantsi motar kamfanin ta iso. Mota ba ta hawa matakala, direba kuma ba ya jira. Ya juye kankaren a gindin tudu, aka sa masa hannu, ya tafi. Mashaya biyu suka amsa gayyar Edivaldo. Suka ci burodi, suka tambayi inda giya take, suka haura gidan Nilzete.

Gervásio yana cikin layin gayyar Nilzete, ba riga, bokiti na zuwa hannunsa yana miƙawa gaba, sai ga ɗansa ya hauro yana haki. Turaren ya gauraye da gumi. Ya matso kusa ya yi ƙasa da murya, ya ce kankare ya fara kamawa, in Baba ya yi magana ɗaya rabin mutanen nan za su sauka.

Gaskiya ya faɗa. Layin ya tsaya. Seu Belmiro, wanda Gervásio ya zuba wa rufi har sau biyu, ya goge fuska da hula ya ce, "Gervásio, ɗanka ne. In ka ce a raba, a raba."

Tsohon ya dubi rufin Nilzete. An zuba rabi, rabi rodi ne tsirara a kan katako. In aka bar shi haka ya sha iska, nan zai tsage, ruwa ya yi ta zubar mata a gado har ta mutu. Ya dubi Nilzete tana tsaye bakin tukunya da ludayi, ta kasa ɗaga ido. Sannan ya hango gidansa, da sabon bangon da aka yi wa baƙin da bai san sunansu ba.

"Rufin da aka fara ba a barinsa," in ji shi. Ya miƙa wa Edivaldo bokitin. "Riƙe. Kana tsayar da layi."

Edivaldo ya karɓa, don ya lissafa in an gama nan da wuri za a koma nasa. Ya shiga layi da takalminsa mai tsini. Matasa suka yi masa caa. Wani ya ce a yi hankali kada siminti ya ɓata wa mai gida turare. Wani ya tambaye shi nawa yake sayar da iskar da ke fita daga hancinsa, tunda tana fita da yawa haka. Tafin hannunsa ya saɓule tun kafin rana ta take.

An gama da la'asar. Edivaldo ya fara jan hannun mutane, Belmiro ya ce masa ba a tashi daga gayya a bar tukunyar mai gida a cike, wannan ko yaro ya sani. Aka zauna. Aka ci wake da garin rogo, aka sha, wani ya ɗauko ganga. Nilzete ta zuba wa Edivaldo nasa har da tsoka.

Da suka sauka, tulin kankaren ya zama dutse. Belmiro ya buga masa shebur, shebur ya yi ƙara ya dawo.

Likitan ya karɓi kuɗinsa, banki ya ɗauke babur. Dutsen ya tare hanya, mutanen tudu suka ce wanda ya kawo shi ya kwashe. Edivaldo ya yi kwanaki yana fasa shi da guduma, mata na wucewa da kayan cefane suna yi masa sannu da aiki, dillali. Mai gidan haya ya fara aiko masa neman kuɗi, matar Edivaldo ta fara hawowa tudu da yara tana leƙa ɗakunan nan marasa rufi, tana auna tagogi da tafin hannu.

Wani yammaci Belmiro ya tarar da Gervásio a sama yana kifa kwalabe a kan sabon rodin. Ya tambaye shi ko yanzu yaron ya cancanci a zuba masa rufin, tunda dai ya shiga layi.

Tsohon ya kifa kwalba ta ƙarshe.

"Gayya ɗaya ya yi," in ji shi, "rabin abin da ya ɗauko ma a takalmi ya zubar."