Takardar Ban Haƙurin Manaja

Shekara goma sha takwas Inna Mai Guga tana aiki a shagon wankin nan, ko hankici ba ta taɓa ƙonawa ba. Sai ga shi ranar Talata mai shagon ya tsaya a kanta yana cewa ta tattara kayanta.

Abin da ya faru kuwa, ranar da ta je asibiti cire haƙori, Manaja, ƙanin mai shagon, ya ce guga ai ba wani abu ba ne. Ya ɗora dutsen guga a kan rigar wata tsohuwar malamar makaranta, ya shagala da waya. Rigar ta tashi da huji kamar bakin kofi.

Maimakon ya je ya ce ya yi kuskure, sai gogan naka ya zauna gaban kwamfuta ya tsara takarda, har da hatimi. Wai shago na ba da haƙuri "idan har akwai abin da bai yi wa Malama daɗi ba". Wai sakacin wata ma'aikaciya ne, kuma za a hukunta ta. Mace ɗaya ce tak a shagon. Yayan ya ga kwafin takardar, ya hau kai ya zauna.

Inna ta rantse har muryarta ta dushe. Tana cikin naɗe sallayarta sai ga Malama ta turo ƙofa, takardar a hannu.

"Wa ya rubuta wannan shirmen?"

Manaja ya gyara wuyan riga. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"To madalla. Riga dai na yafe tun ranar. Wannan ce ta fito da ni. Kai, ba a hannunka na ba da rigar ba? Ba kai ka ce min baiwar Allahn nan tana asibiti, amma kar in damu, kai ma gwani ne?"

Injin wanki na ta ƙara a gefe. Mai shagon ya juya ya kalli ƙaninsa.

Malama ta yago takarda daga littafin karɓar kaya, ta dangwara masa biro. "Rubuta. Ni na ƙona. Na yi ƙarya. Ki yafe ni."

Yana gumi ya rubuta, ya miƙa mata hannu bibbiyu.

"A'a, ni me zan yi da ita? Ga mai ita can."

Wayyo daɗi! Inna ta karɓa, ta juya ta sama da ƙasa, ta mayar masa.

"Ɗan nan, ban zo da tabarau ba. Karanta min da ƙarfi."

Ya karanta. Ta ce injin ya hana ta ji, ya sake. Sannan ta ajiye jakarta, ta jona dutsen gugarta.