Gadon Baba Irimiya

A daminar 1988 fiyus ɗin gidan Baba Irimiya da ke Tunga ya addabi kowa. Ƙwayayen fitila na ci lafiya, amma firji da fanka da rediyo sai su ɗauke lokaci guda. A gyara da safe, kafin azahar ya sake ƙonewa.

Baba Irimiya tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta kuma riƙe masa harshe, 'yarsa Liyatu ce ke jinyarsa. Da ƙanenta Kambai ya gaji da gyara, sai ya cire siririyar wayar fiyus ɗin ya naɗa mai kauri a madadinta. Ya datse ƙofar sito da kwaɗo, inda akwatin wutar yake, ya tafi kasuwar Gwada sarin doya da mukulli a aljihu.

Wuta ta zauna. Amma washegari da hantsi Liyatu ta fara jin ƙaurin roba, ta zagaye gidan ba ta ga hayaƙi ba. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabcinsu Ndagi, mai aikin wayar lantarki.

Ndagi ya ji abin da Kambai ya yi, fuskarsa ta sauya.

"Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, Liyatu. Akwai abin da yake tarewa. Zare duk abin da ke jone."

Suka zare na falo, suka zare na kicin. Ya bi soket ɗin ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, yana ɗora bayan hannu a bango. Ƙaurin ya kai su ɗakin tsohon.

Baba Irimiya na kwance a tsakiyar katifa, ya ƙanƙame hannunsa mai lafiya a ƙirji, idanunsa a waje. Yana ganinsu ya fara gurnani. Liyatu ta nufe shi ba takalmi, ƙafafunta jiƙe da ruwan tsakar gida.

"Tsaya nan!" in ji Ndagi da ƙarfi.

Ya zaro testa, abin gwada wuta, daga aljihu ya dangwala a ƙarfen gadon. 'Yar fitilar ciki ta kama, ja wur.

"Gadon nan da wuta. Kada ki taɓa shi, kada ki taɓa Baba."

"Wayyo Allah! Malam Ndagi, zai mirgino!"

"Yi masa magana. Ina mukullin sito?"

"Yana wurin Kambai."

Ndagi ya fita da gudu. Liyatu ta tsaya a bakin ƙofa. Ƙafar mahaifinta da ba ta motsi tana zamewa sannu a hankali zuwa gefen katifa, shi kuma bai ma sani ba.

"Baba, dube ni. Kada ka motsa. Ni kaɗai za ka duba."

Daga tsakar gida ta ji ana dukan kwaɗo da taɓarya. Kwaɗon ya ƙi. Diddigen tsohon ya kai bakin katifa, saura kaɗan ya sauka kan ƙarfe. Ta fizgo tsintsiyar kwakwa busasshiya ta tokare ƙafar da gindinta, tana kiran sunan Allah.

Sai ƙarar ɓallewar ƙofa, sai muryar Ndagi: "Na kashe!"

Duk da haka sai da ya dawo ya sake gwada gadon kafin ya bar ta ta matsa. Suka kinkimi tsohon suka shimfiɗe shi a tabarma. Da suka janye gadon suka ɗaga ledar ɗakin, sai ga wayar fanka a ƙarƙashin ƙafar gadon, ƙarfe ya murƙushe ta, robar ta narke ta manne da siminti. Duk sanda aka juya Baba don a goge masa jiki, nauyinsa ne ke haɗa wayoyin.

Ndagi ya yanke wayar ya jefar waje. Liyatu ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan mahaifinta a cinyarta. Ta daɗe a haka tana shafa masa goshi.