Tagwayen Randuna

Shekarar da aka rage ma'aikata a masaƙar Kaduna, Barnaba ya dawo Ikara da talabijin mai launi, da bidiyo, da amfilifaya mai lasifika biyu. Gwamnatin soja ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an yi layi. Amma duk Lahadi, da an tashi daga coci, falonsa cika yake yi har bakin ƙofa. Aiki dai ya tafi, sai dai a unguwa idan aka ce kallo, sunansa ake kira, kuma da wannan yake ɗaga kai.

Sai ga Yunana, ƙanin matarsa Philomena, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Wata tsohuwar talabijin baƙi da fari gare shi, da bidiyon da mai shi ya kawo gyara bai dawo ba. Ya samo lasifikan mota biyu, ya kifa kowacce a bakin randa, ya ja waya ya ajiye su a bayan bencinan 'yan kallo.

Lahadi uku kacal aka yi, jama'a suka koma shagon Yunana, falon Barnaba ya rage shi da wani tsoho Maiwada, shi ma barci ke kawo shi. A ta huɗu Philomena ta fito da gyale a kafaɗa.

"Ina zuwa?" in ji Barnaba.

"Zan duba Yunana, an ce ba ya jin daɗi."

"Da kujerarki a hannu ake zuwa dubiya?"

Ta wuce abinta. Ya kashe bidiyon, ya bi bayanta, ya laɓe a jikin tagar shagon. Fim ɗin yaƙi ake kallo. Jirgi mai saukar ungulu ya taso daga gaba, sai ƙararsa ta bi ta kan mutane ta koma baya, randunan nan suka yi wani irin gunji har ƙasa na girgiza. Gaba ɗaya aka sunkuyar da kai. Philomena ta ce "Wayyo Yesu!" sannan ta tuntsire da dariya, irin wadda rabonsa da ji tun suna Kaduna.

"A'a, mijin yaya!" Yunana ya hango shi. "Shigo mana, akwai wuri a ƙasa."

"Randar ruwa na zo gani, an ce ta zama injiniya."

"To gani ya kori ji. Amma ba kowace randa ba ce, sai tagwaye. In ɗaya ta fi ɗaya ko da yatsa, ƙarar sai ta karkace gefe guda kamar kayan jaki."

Aka yi dariya. Barnaba ya koma gida bai ci tuwo ba.

Ranar Laraba Philomena tana tsinke zogale ta ce, "Baban Agnes, ka ji akuya ta shiga shagon Yunana ta fasa masa randa ɗaya? Ya gwada har biyar a kasuwa, ba wadda ta dace. Juma'a zai je Dandamisa wurin Hajo maginar tukwane, ya ce guda ɗaya ta rage a wurinta irin tasa."

"Allah sarki," in ji Barnaba. Ya juya mata baya don kada ta ga fuskarsa.

Man da ya kwana biyu a layi kafin ya samu, wanda yake ta ririta, shi ya juye a babur da sanyin safiyar Alhamis. Ya bi hanyar Makarfi, ya ratsa gonakin rake, kafin rana ta take yana ƙofar gidan Hajo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Inna, Yunana mai rediyo ne ya aiko ni. Randar nan da ta rage."

Tsohuwar ta jawo randuna biyu daga rumfa, a ido ba ka bambance su. Ta ƙwanƙwasa ta farko da zobenta, ta kara kunne, ta ture ta. Ta ƙwanƙwasa ta biyu, ta gyaɗa kai.

"Wannan ce. Uku na gina rana ɗaya, yumɓu ɗaya, wuta ɗaya. Ramin da na ɗebo yumɓun ruwa ya cinye shi. Ka riƙe ta da kyau, ɗan nan, in ta fashe shi ke nan."

A hanya sau biyu yana tsayawa da niyyar doka ta da ƙasa. Sai ya tuna jirgin nan da ya bi ta kan mutane, hannunsa ya kasa. Ya shiga gida ta baya, ya tura ta ƙarƙashin gado, ya rufe da buhu.

Ranar Lahadi ya riga kowa fita daga coci. Ya share falo, ya goge talabijin, ya zauna yana jira. Ba a jima ba ya ji hayaniya a waje. Ya leƙa, ga mutanen unguwa nan sun cika layi, sun nufo gidansa. Har ya fara murmushi, sai ya ga wanda ke gaba: Yunana, da randa a ka, waya a naɗe a wuya.

"Mijin yaya!" Yunana ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a ku taya ni godiya. Na je Dandamisa, Inna Hajo ta ce ai ɗan aikena ya riga ya karɓa. Ashe bawan Allahn nan ne ya ƙona mansa a wannan tsadar don ya hutar da ni!"

Aka hau sa wa Barnaba albarka. Philomena ta dube shi ta gefen ido, ta ce, "Wadda ke ƙarƙashin gado ce? In ɗauko?"

Ta shiga ta ɗauko ta. Yunana ya ce tunda ga talabijin mai launi, kuma 'yar'uwar randar a nan take, ai sai a haɗa zumunci. Ya kwance bayan amfilifaya, ya ɗaura wayoyinsa, ya auna taku huɗu dama, huɗu hagu, ya kafa randunan. Ya sa Barnaba ya matsar da lasifikansa na gaba, ya kuma ce ya rage musu murya kada su danne na baya. Barnaba ya yi, kamar yaron shago a falonsa.

Aka saki fim. Ruwan sama ya zubo a ciki, Maiwada ya farka firgigit yana neman inda ke yoyo. Falo bai taɓa cika haka ba, har tagogi an toshe da kawuna. Kowa na cewa, "Kai, Yunana! Kanka na ja!"

Barnaba ya fito ƙofar gida ya sha iska. Wasu samari biyu suka tsaya a kan keke, suka ce daga Paki suke.

"Baba, don Allah nan ne gidan kallon Yunana?"

Daga ciki randunan suka yi gunji, aka ɗauki sowa.

"Ku cire takalma," in ji Barnaba. "Talabijin ɗin tawa ce."